Zai Tambaye Ka Kafin Ya Goge

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Ina azumi, don haka ban ɗaga murya ba. Amma Allah ya san abin da ya taso mini a zuci.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ma'aikacinmu Jiya ya zo ofishina a Maikunkele, hularsa a hannu. Shekara goma sha tara yana zagaya ƙauyuka a babur yana karɓo mana awon ruwan sama, ban taɓa ganin ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo ba sai yau. Ya ce, "Madam, awo na bana duka ya tafi."

Na je na duba. Gaskiya ne. Tashoshi goma sha huɗu, daga ruwan farko zuwa ƙarshen Satumba, babu ko ɗigo.

Manhajar da muke adana awon a ciki ni na rubuta ta, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, na sa mata suna ruwa. Ba ta da hoto, ba ta da ado. Baƙin allo ne, mutum ya rubuta sunanta, ya bi shi da zaɓin abin da yake so: --tasha, --wata, --goge, da sauransu. Wanda ya manta sai ya rubuta ruwa --taimako, ta jero masa zaɓuɓɓukan da bayanin kowanne. Jiya ya shigar da lamba ɗaya ba daidai ba, ya so ya cire ta, ya nemi taimakon kamar yadda na koya masa. Ya nuna mini layin da yatsa:

--goge    zai tambaye ka kafin ya goge

"Shi ya ce zai tambaya ni, Madam. Ni na jira tambaya. Bai tambaya ni ba."

Na ce masa ya tafi ya sha ruwa. Ban ce masa komai bayan wannan ba, kuma ya kamata in ce.

Talata, 7 ga Oktoba

Darakta ya ba Jiya takardar tuhuma, ya ce ya amsa cikin kwana biyu.

Na buɗe cikin manhajar da kaina bayan azahar, ko da yake tun jiya na san abin da zan tarar. Aikin zaɓuɓɓukan yana sama. Bayaninsu yana can ƙasa, rubutun hannuna, babu abin da ya haɗa su sai tunanina. Bara da rani na cire tambayar nan daga --goge, saboda tana ɓata mini lokaci, kuma ni ba na kuskure (haka na gaya wa kaina). Na gyara sama, ban sauka ƙasa ba.

Shekara ɗaya da rabi ke nan manhajata tana yi wa mutane alkawari da bakina, ba ta cikawa. Ni da nake ƙin ko da ƙaryar wasa. Ni da na taɓa hana 'yata cin abincin rana don ta ce ta yi alwala alhali ba ta yi ba.

Kwafin ƙarshe da na ajiye na watan Yuni ne. Wata uku sai an koma littattafan ƙauye.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na shiga wurin Darakta da safe na gaya masa laifin nawa ne, na nuna masa layin, na roƙi a janye takardar Jiya a rubuta tawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya Salamatu, ke ce za a tuhuma? To wa zai gyara?" Ya yaga ta Jiya, bai rubuta tawa ba. Da ya rubuta da na fi samun sauƙi.

Esta, sakatariyarmu, ba ta bari ya wuce haka ba. Tana zuba shayi ta ce, "Hajiya, ai injin naki halinki ya ɗauko. Yaushe kika taɓa tambayar wani kafin ki yanke?" Aka yi dariya, har da Jiya. Na yi murmushi don kada a ce na ji haushi. Na ji.

Amsa laifi a gaban Darakta bai yi mini wuya ba ko kaɗan, kuma wannan shi ya tsaya mini a rai a cikin keke har gida a Tudun Fulani. Akwai wadda ta fi shi cancantar ta ji wannan magana daga bakina.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Saƙon 'yata Rashidatu ya shigo ƙarfe tara, kamar kowace Juma'a: "Barka da Juma'a, Nna. Allah ya ƙara lafiya." Na amsa, "Amin. Allah ya yi albarka." Shekara biyu da wata biyu muna kan waɗannan kalmomi. Da ta zo daga Legas a babbar sallar bara, kwana biyu ta yi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta wanke mini kaya, ta share tsakar gida, ba ta zauna kusa da ni ba ko sau ɗaya. Babu abin da zan kama in ce ta yi mini rashin ladabi. Da akwai, da na san ta inda zan fara.

Bari in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, yadda ya faru, ba yadda nake gaya wa kaina ba.

Bayan ta gama jami'a ta yi wata huɗu a ofishinmu tana jiran kiran bautar ƙasa. Ta karanta manhajata daga farko har ƙarshe, abin da babu wanda ya taɓa yi. Wata rana muna dawowa ta ce, "Nna, bayanin nan naki yana zaune shi kaɗai. Wata rana za ki canza abu a sama ki manta da ƙasa." Ta ce a bar manhajar ta riƙa haɗa bayanin da kanta daga inda aikin yake. Na ce ta gwada, don ta bar ni in huta.

Ta yi mako uku a kai. Ranar taron ma'aikata ta haska shi a bango. Darakta ya ce madalla, Esta ta yi guɗa, aka juyo ana kallona. A gidanmu na Bida ba a yabon ɗa a gaban idonsa, balle a gaban jama'a, balle uwa ce shugabarsa a wurin aiki. Da shiru na yi da ya wadatar. Amma ban yi shiru ba. Na ce, "Wannan surutu ne. Wanda ya san aikinsa ba ya bukatar a riƙe masa hannu. Mu ci gaba da abin da ya tara mu."

Ta kashe na'urar haskawa, ta naɗe wayarta a hankali, ta zauna har aka tashi.

Na daɗe ina kiran abin da na yi kunya, wani lokaci in kira shi tsoron riya. Yau da nake karanta Kahfi na kasa wuce aya guda, saboda na tuna abin da na ji a lokacin da ake tafa mata. Ba kunya ba ce. Ta ga aibin aikina ne, kuma kowa ya ga ta gani.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An yi ruwa da hantsi, mai yiwuwa na ƙarshe. Na buɗe tagar ɗakinta don ya sha iska, na rufe.

Talata, 14 ga Oktoba

Ni da Jiya muna sake shigar da awon daga littattafan ƙauye. Shi yana karantawa, ni ina bugawa. Littafi biyu ruwa ya taɓa su, tawada ta bazu, kwana tara ba za su dawo ba har abada. Na bar gurbinsu babu komai. Jiya ya ce mu kintata, ai ya tuna an yi ruwa sosai a makon. Na ce a'a.

Can muna tsakiyar Agusta ya ajiye littafin ya ce, "Madam, yarinya naki ba ya taba gyara wannan abu ba? Wancan lokaci, a bango?"

Na ce, "Karanta na gaba."

Ya karanta. Mutumin kirki ne, bai sake ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na gyara layin --goge tun makon jiya, na mayar da tambayar. Amma na bi sauran bayanin layi-layi yau, na sami wasu wurare biyu da abin da aka rubuta ya saɓa wa abin da ake yi. Ƙanana ne. Na Jiya ma ƙarami ne kafin ya taka shi. Zan gyara waɗannan, in shekara ta zagayo in sake mantawa, domin hannun da ya yi kuskuren shi ne dai zai yi gyaran.

Aikin Rashidatu yana nan a kwamfutar ofis, cikin jakar da ta sa wa suna gwaji. Ban taɓa goge ta ba, ban taɓa buɗe ta ba. Bayan la'asar, da kowa ya tafi, na buɗe.

Tebur ɗaya ta yi. Kowane zaɓi da layinsa: sunansa, abin da yake karɓa, abin da zai ɗauka in ba a faɗa masa komai ba, bayaninsa, da wani gurbi da ta kira haɗari. Daga wannan tebur manhajar take aiki, daga shi kuma take buga taimako, ta jera sunaye a hagu, bayani a dama, ta karya dogon layi inda ya dace. In aka sa alama a gurbin haɗari, manhajar za ta yi tambaya, kuma ita da kanta za ta rubuta cewa tana tambaya. In aka cire alamar, duka biyun su tafi tare. Ba yadda za a yi baki ya faɗi abin da hannu bai yi ba.

Da na karɓa a lokacin, da Jiya bai tsaya a ƙofata da hula a hannu ba.

Na karanta bayananta. Muryarta ce sak. "Watan da kake so, daga 1 zuwa 12. In ba ka faɗa ba, wannan watan da muke ciki." A ƙarshe ta sa misalai uku, sannan: "In ka rikice kada ka ji kunya, kowa yana rikicewa." Wannan layin na kira surutu.

Tana cin ƙuliƙulin Bida in tana rubutu, tana bugawa da hannu ɗaya. Kullum sai na yi mata faɗan ɓarɓashi a kan madannai.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Barka da Juma'a. Amin, Allah ya yi albarka.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kawo aikin gida. Na haɗa teburinta da manhajar yanzu, na kunna, ta ƙi tashi. Manhajar ta rubuto mini: "Zaɓi uku ba su da bayani. Ba zan fara ba sai an rubuta musu." Zaɓuɓɓukan da na ƙara bayan tafiyarta ne. Ashe ta kafa doka: zaɓin da ba a bayyana ba ba ya shiga.

Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce ko baƙi na yi.

Layi uku, sun ci mini yini. Na fara rubuta wa --kwafi "yana kwafi". Na dube shi na ga ban gaya wa kowa komai ba. Ina zai kai? In akwai wani a can, zai danne shi? Sai da na sa Jiya a gabana, a zuci, da babur ɗinsa da gajiyarsa, na tambayi kaina me zai so ya sani kafin ya danna. Sau shida na sake. Ban taɓa sanin gajarta magana da rowar magana abu biyu ba ne. Marigayi mijina Ndako ya sha ce mini, "Salamatu, ke sai mutum ya yi duba kafin ya san yana da laifi." Ina ɗauka zolaya ce irin ta miji.

Litinin, 20 ga Oktoba

Akwai wurin da ba ta ƙarasa ba. A can ƙasan teburin ta fara wani sashe na zaɓuɓɓukan da bai kamata a haɗa su a umarni ɗaya ba, ta bar shi fanko. A samansa ta bar wa kanta tunatarwa, irin rubutun da manhaja ba ta karantawa, sai mutum:

"A tambayi Nna waɗanne ne ba sa haɗuwa. Ita kaɗai ta sani. Bayan taron gobe."

Na duba ranar da aka adana shi. Jajibirin taron ne.

Na tashi na yi alwala ba tare da ta karye ba. Na dawo na sake karantawa. Ita kaɗai ta sani. Ba a bango ta rubuta wannan ba, ba don Darakta ba, ba don ni in gani ba ma. Ina can ina zargin ta zo ta nuna ta fi ni, ita kuwa tana riƙe da tambaya tana jiran a tashi daga taro.

Ya Allah, na yi zato, kuma ka hana zato.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na rubuta amsar a ƙarƙashin tambayarta. Ba a haɗa --wata da --shekara. Ba a haɗa --goge da --duka, ko da wasa. Kuma --goge ba ya tafiya shi kaɗai, sai da tasha da wata. Na rubuta dalilin kowanne, har da labarin Jiya, ban rage komai ba, na sa cewa ni na cire tambayar.

Zan iya ƙarasa sashen da kaina, aikin awa biyu ne. Na gaya wa kaina ba kyau mutum ya shiga aikin wani ba izini. Ban sani ba ko wannan ne dalilin.

Na fara rubuta wani layi a ƙasan amsar, wanda ba na manhaja ba. Na goge. Na sake. Na goge.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Saƙonta ya zo ƙarfe tara. Na amsa amin. Na riƙe wayar har allonta ya mutu sau biyu. Sannan na tura mata fayil ɗin, na rubuta, "Kin bar tambaya a layi na 212. Na amsa. Na makara."

Alamar ta nuna ta gani kafin a tafi masallaci.

Asabar, 25 ga Oktoba

Shiru.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Shiru. Na dafa doya ta yi yawa, na aika wa maƙwabta. Ba ni da hakkin ƙorafi: ita ta jira shekara biyu, ni kwana biyu. Na san haka, amma sanin bai hana ni duba wayar tsakanin sallama da tasbihi ba. Astagfirullah.

Talata, 28 ga Oktoba

Fayil ya dawo da hantsi, ina tsakiyar Satumba da Jiya. Ta ƙarasa sashen. Yanzu layin farko na taimako yana nuna komai a taƙaice, abin da yake dole da abin da yake ganin dama, da waɗanda sai dai a ɗauki ɗaya. Na gwada --goge shi kaɗai. Manhajar ta ƙi, ta faɗi abin da ya rage, ta kawo misali. Na juya wa Jiya allon ya gwada da hannunsa. Ya gwada sau uku yana dariya. "Wannan shi yana da hankali, Madam."

Na ce, "Aikin Rashidatu ne." Esta tana bakin ƙofa, ta ce, "Iye? A sake faɗa, kunnena ya toshe." Na sake faɗa.

Saƙon da ya zo tare da fayil ɗin gajere ne: "Na ga amsa, Nna. Akwai abu ɗaya da ban gane ba game da --gyara. Zan kira gobe a lokacin hutun rana, in kina da sarari."

In ina da sarari.

Laraba, 29 ga Oktoba

Minti talatin da takwas. Na duba bayan ta ajiye.

Mun yi maganar --gyara. Mun yi maganar faɗin allo, domin kwamfutar ofis tsohuwa ce, layi ba ya wuce harafi tamanin. Ta ce har yanzu wannan akwatin kuke amfani da shi? Na ce yana aiki. Ta ce, "Nna, ke ma kina aiki, amma ai kina shan maganin hawan jini." Ban san ta san ina sha ba. Esta ce ta gaya mata, ba shakka.

Ta tambayi kwana taran da suka ɓace, na ce na bar su fanko. Ta ce, "Na sani." Ban gane ko yabo ne ko akasinsa ba, ban tambaya ba.

Can ta ce bayanin da na rubuta wa --kwafi ya fi nata kyau, wai ita da ta cika shi da zance. Nan ne wurin. Na ji shi ya zo, na ga ƙofar a buɗe, abin da zan ce yana kan harshena tun ranar Laraba waccan. Sai na ce, "Kin ci abinci?" Ta ce ta ci. Ina jin hayaniyar motocin Legas a bayanta. Ta ce, "To, Nna, an kira ni." Ba ta ajiye nan da nan ba. Ni ma haka.

Ban nemi gafararta ba. Mace mai shekara hamsin da uku, wadda ta shiga ofishin Darakta ba ko gezau.

Juma'a, 31 ga Oktoba

"Barka da Juma'a, Nna. Ya manhaja?" Kalma biyu sun ƙaru. Na ƙirga, Allah ya shirye ni.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ranar Talata muka gama shigar da awon. Sabuwar manhajar ta fara aiki a ofis, na buga taimakon a takarda na manna a bango kusa da teburin Jiya, ya ce ba ya bukata tunda injin yana magana da kansa yanzu.

Da nake mannawa na ga layi ɗaya ya karkace. Sunan --matsakaicin-shekara ya yi tsawo, ya ture bayaninsa ya fita daga sahun 'yan uwansa. Na koma ciki na duba. Ta ƙayyade faɗin gefen hagu da lamba, maimakon ta bar manhajar ta auna suna mafi tsawo. Na san gyaransa. Layi ɗaya ne, ko minti biyu ba zai ci ba. Na ɗora hannu a madannai.

Na karanta bayanin sau uku don in tabbata. Babu ƙarya a cikinsa, abin da ya ce shi yake yi, babu wanda zai cutu. Karkata ce kawai.

Na rubuta mata cewa layi ɗaya ya fita daga sahu. Ban ce ban san gyaransa ba. Ban kuma ce na sani ba. Ta amsa kafin in ajiye wayar: Asabar bayan la'asar tana gida, za ta kira mu duba tare, kada in taɓa.

Gobe Alhamis, ina azumi. In wannan laifi ne zan nemi gafara a kansa. Amma ta ce kada in taɓa.